Ranki Ya Daɗe, Takardar Jeri

Ranar 18 ga Disamba 2017, da aka yi bikin Tawa Sakola, an gyara tituna, an shafe gine-gine da fenti, an yabi masu kawo ci gaba ɗaya bayan ɗaya. Amma an tsallake wata baiwar Allah wadda ta fi kowa hidima a ofisoshin Adar, tun daga birnin Tawa har Abalak da Cintabaraden. Ina nufin takardar nan da ake bugowa daga kwamfuta, mai ɗauke da sunayen fayiloli layi bisa layi, wadda shugaban ofis ke sa wa hannu, ya danna mata hatimi, a sa ta cikin kwali a ɗaure da zare. Bashin yabonta ya daɗe a wuyanmu, yau sai a biya.

Fara mai baƙin layi, uwar sunaye! Kin san kowa, ba ki riƙe kowa ba. Mai kwana lafiya ranar da kwamfuta ta mutu. Shaidar da ba a yi wa tambaya, amaryar masu bincike, garkuwar mai barin gado. Ranki ya daɗe!

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To ita ta wuce arba'in, kuma yatsunta duka suna nan. Umarnin da ke haifar ta, wato dir, yana cikin tsarin DOS tun 1981, shekarar da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur, ɗan'uwansa ls na tsarin Unix kuwa ya girme shi da shekara goma. Haihuwarta ba ta da naƙuda. Mutum ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, ya rubuta dir, sunaye su zubo. Ya ƙara alamar kibiya da sunan sabon fayil, jerin ya shige ciki, a tura wa firinta. In ya ƙara /s, har abin da ke cikin ƙananan jakunkuna zai fito. Da yake Windows bai sa maɓalli a fili ba don wannan aiki, sakatarorinmu masu basira sun samo tasu dabarar: a ɗauki hoton allo, a manna cikin Word, a buga. In jerin ya fi allo tsawo, a ɗauka kashi-kashi. Fayil ɗin da ya faɗa tsakanin hoto da hoto, to kwanansa ne ya ƙare.

Ta wajen uwa ma 'yar dangi ce. A shekarar 987 wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya tsara Fihrist, jerin littattafan da aka sani da Larabci a zamaninsa. Da yawa daga cikinsu sun ɓace, yau ba a san da su ba sai ta wannan jeri. Sai dai shi bawan Allah ya wahalar da kansa: yana faɗin wane ne marubucin, inda ya fito, fannin da ya yi magana a kai, wani lokaci har da yawan takardun littafin. Jikanyarsa ta ofisoshinmu ta fi shi wayewa. Ta ɗauki gadon ɓacewar, ta yar da wahalar bayanin.

Halinta na farko da ya cancanci yabo shi ne kunya. Abu uku kawai take faɗi game da kowane fayil: sunansa, girmansa, da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. Daga nan ta ja bakinta. Ba za ta ce maka fayil ɗin yana buɗewa ko ya lalace ba. Ba za ta tona cewa wanda aka sa wa sunan rajistar haihuwa ta shekara kaza rabinsa kawai aka shigar ba, ko cewa mai suna «na ƙarshe» da «na ƙarshe 2» da «na ƙarshe na gaskiya» babu wanda ya san sahihin a cikinsu. In girman fayil sifili ne, wato babu ko harafi ɗaya a ciki, tana rubuta sunansa daidai da na sauran, ba ta nuna bambanci. Ranar ma da take faɗi, agogon kwamfuta ne ya gaya mata, kuma in ɗan batirin da ke riƙe agogon ya mutu, sai na'urar ta koma wata tsohuwar shekara, takardar da aka rubuta jiya ta fito da ranar da ba a haifi mai ita ba. Duk wannan ba ya sa ta ɗaga murya. Wace 'yar mutunci ce ta kai ta iya barin kaza cikin gashinta?

Hali na biyu, tsawon rai. Kowa ya san abin da kwamfuta ke gani a ƙasar nan. Bazara ta zo, cikin Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, fankar cikinta ta yi ta kuka. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe mata hanci. Ga wuta mai zuwa da tafiya ba sallama, kuma kowace yankewa ta ba-zata tana iya kama faifan ajiya yana tsakiyar rubutu ta gurgunta abin da ke kai. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba ta mayar ba sai a Maris 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018, mai megawat 7, ba za ta iya ɗaukar nauyin jihar Tawa da tun ƙidayar 2012 mutanenta suka haura miliyan uku da dubu ɗari uku ba. A wannan hali faifai ya mutu, allo ya yi baƙi, aikin shekaru ya tafi. Wa ya rage? Ita. Tana nan cikin kwalinta, fara tas, hatiminta bai dushe ba. Misalinta misalin magidancin da ya rubuta yawan dammunan geronsa a jikin rumbu, gara ta shiga ta ƙarƙashi ta cinye hatsin. Rubutun yana nan, kuma ko yunwa ta shigo gida ba wanda zai ce ya yi ƙarya a lissafi.

Hali na uku, son zaman lafiya. Ma'aikata a arewacin jihar nan baƙi ne masu jiran takardar canji. Ana turo mutum Tasara ko Tiliya, ya yi shekara biyu ko uku, a ɗauke shi. Ranar miƙa aiki, da a ce za a zauna a buɗe fayiloli ɗaya-ɗaya, da an ji kunya, da an ɓata zumunci, wataƙila har a kai ga rubuta rahoto. Sai ita ta shiga tsakani. Mai tafiya ya miƙo ta, shafi goma sha. Mai zuwa ya juya shafukan, ya ce: «Madalla, Mushe, aiki ya yi kyau.» Su sa hannu, a sha shayi, a yi addu'a. Lambar sirrin buɗe kwamfutar ta bi mai tafiya, tare da kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, wanda ainihin aikin ke ciki, don nasa ne, da kuɗin aljihunsa ya saye. In masu bincike suka zo daga Yamai, bayan sun sha tafiyar sama da kilomita 500, wa zai ƙara musu gajiya da kunna na'ura? A nuna musu jeri, su ƙirga layuka, su rubuta cewa komai yana nan. Ban san wani dattijo a Adar da ya kashe rigingimu da yawa kamar ta ba.

Hali na huɗu, ciyar da jama'a. A 2019 Nijar ta yi sabuwar dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma wanda bai yi rajista cikin wa'adi ba sai ya bi ta gaban alƙali ya samu hukunci. Yaro ba ya zama jarrabawar BEPC ko bakaloriya ba tare da takardar haihuwa ba, babba kuma ba ya samun katin ɗan ƙasa, ba ya samun fasfo. A ƙasar da samarinta ke tafiya bida Abijan da Legas da Libiya, takarda guzuri ce. To a ɗauki uwar da ta taso daga wani ƙauye bayan Abalak, inda daga Abalak ɗin ma zuwa Tawa kusan kilomita 135 ne, tana neman kwafin takardar ɗanta. Ma'aikaci ya buɗe kwali, ya bi layi da yatsa, fuskarsa ta washe.

«Inna, ga sunan ɗanki nan, yana ciki.»

«Alhamdu lillahi. To, ɗana, a ba ni.»

«Ai na'urar ce ta ƙi tashi. Ki dawo bayan Salla.»

Ku duba albarkar da ke cikin wannan magana. Mai mota ya ci kuɗin zuwa da komawa, zai kuma ci na karo na biyu. Ɗan kabu-kabu ya samu. Mai fotokopi ya samu, mai ɗaukar hoto ya samu, mai sayar da tambur ya samu. Mai tuwo a bakin tasha ta samu. Akuyar da aka sayar don a yi kuɗin hanya ta raya kasuwa. Da a ce fayil ɗin ya buɗe a ranar farko, duk waɗannan bayin Allah da hannu wofi za su koma gida. Uwar kuma ba ta tafi haka nan ba: ta ga sunan ɗanta da idonta, an ce gani ya kori ji. In ranar rufe karɓar takardun jarrabawa ta wuce, ai akwai baɗi.

Hali na biyar, haƙuri da maƙiyi. Akwai wata cutar kwamfuta da duk mai shiga shagon buga takardu a Tawa ya san ta, wadda ke bin kile daga na'ura zuwa na'ura. Tana ɓoye jakunkunan gaskiya, ta ajiye gunkinsu mai suna iri ɗaya, wanda in ka danna shi sai ta ƙara yaɗuwa. Akwai kuma manyanta masu kulle abin da ke cikin fayil su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe kusan 150 a Mayu 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Dukansu suna da ladabi guda: suna barin suna a wurinsa. Don haka jerin da aka buga bayan annoba yana kusan kama da wanda aka buga kafin ta. Tsofaffin na'urorin da ke tafiya da Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairu 2020, ƙofarsu a buɗe take ga kowane baƙo. Takardar jeri ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba.

Hali na shida, karamci. Ita da ƙannenta, jerin masu karɓar agajin abinci, da na 'yan jarrabawa, da na masu neman aiki, ba su san rowa ba. Tun 2017 ƙasar nan take da dokar kare bayanan mutane, har da hukumar da ke kula da ita. Amma fayil ɗin da ma'aikaci ya sa wa sunan mutum da ranar haihuwarsa, wani lokaci har da cutar da ke damunsa, in an bugo jerin, duk mai ido zai karanta. In takardar ta tsufa ba a ƙona ta, almubazzaranci ne. Sai ta gangara kasuwa, mai ƙosai ta ƙunsa da ita, mai tsire ya naɗe da ita. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya kuma san asirin maƙwabcinsa a kyauta.

Kamar kowane mai girma, tana da mahassada. Yawancinsu yara ne da suka fito daga jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, da makarantun koyon sana'a, kansu cike da surutu. Wai kowane fayil mai muhimmanci a yi masa kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a ajiye shi a wani gari daban. Wai faifan ajiya na waje bai kai kuɗin tawadar da ofis ke sha a shekara ba. Wai a sa rana guda a wata a jarraba buɗe kwafin, don kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. Wai akwai wani lissafi, SHA-256, da ke ba kowane fayil lambarsa ta kansa, in harafi ɗaya ya sauya lambar ta sauya, kuma in an sa ta a gefen suna, jerin zai iya kama lalacewa da maguɗi. Wai a yi tsari ɗaya na raɗa wa fayiloli suna, shekara da wata da rana a gaba. Wai lambar sirri ta ofis ce, a rufe ta cikin ambulan a akwatin ƙarfe. Wai kada mai karɓar aiki ya sa hannu sai ya zaɓi fayil ashirin da kansa ya ga sun buɗe. Ku ji rashin kunya! In aka bi maganarsu, wa zai sake cewa na'ura ce ta ƙi? A kan wa za a ɗora laifi? Gara a ci gaba da sa su ɗauko kujeru ranar taro, har su koyi girmama na gaba.

Kada kuma wani ya ce mu kaɗai ne. Manya ma sun bi wannan hanya. A 1986 BBC ta tara bayanan rayuwar Birtaniya daga hannun mutum sama da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan makaranta, ta zuba a kan wasu manyan faya-fayai na zamani, don tunawa da cika shekara 900 na littafin ƙidayar Domesday na 1086. Kafin shekara ashirin na'urorin karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karantawa. A Satumba 2025 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a Daejeon, ta cinye ma'ajin fayilolin ma'aikata mai terabayit 858, wanda ba shi da kwafi a ko'ina. Kuskurensu ɗaya: sun ɗauki abin a matsayin abin kunya, suka yi bincike, suka nemi gyara. Da sun aiko wakili nan, da an koya masa yadda ake ɗaga kwali a ce komai yana ciki.

Magabatanmu ma, Allah ya gafarta musu, ba su gane wannan sauƙi ba. Malam Jibril ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, a ƙasar Adar kabarinsa yake, kusa da Madawa. Shi da malaman zamaninsa, da zuriyar malamai ta Abalak, in suna son littafi sai su zauna su kwafe shi daga farko har ƙarshe, da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa, su gwada kwafin da asali, su naɗe shi cikin gafaka, su ba almajiri ya sake kwafa ya tafi da shi wani gari. Ashe kwafi uku a wuri daban-daban ɗin nan da yara ke damun mu da shi, tsohon ciwo ne. Saboda wannan wahala tasu ne Bubu Hama ya samu dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da ya tara, waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH a Yamai. Jibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, da ya tashi rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975, sai da ya bi tsofaffi da takardun gidajen sarauta da na malamai. Da magabata sun bar masa jerin sunayen littattafai kawai, da ya huta, da mu ma mun huta da sanin ko mu su wane ne.

Akwai inda yabo ke maƙalewa a maƙogwaro. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga suka kai hari Intazayan da Bakorat da wasu zangunan yankin Tiliya, gwamnati ta ce an kashe mutum 137. Wanda ya gudu daga irin wannan ba ya tsayawa ɗaukar takardu. Abin da ya rage masa na shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne, an haife shi a wuri kaza, ɗan wane ne, shi ne abin da ofis ya ajiye. Haka maraya mai neman gadon gona, haka gwauruwa mai neman fanshon mijinta, haka matan Keita da suka yi dakon duwatsu tun 1984 don raya ƙasar da yau 'ya'yansu ke bukatar takardar mallakarta. Ga waɗannan, fayil ɗin da ya ƙi buɗewa shekarar karatu ce da ta salwanta, ko gona, ko 'yancin wucewa shingen bincike ba tare da wulaƙanci ba.

Saboda haka, shugabannin ofisoshi, masu girma magadan gari, sakatarori, ranku ya daɗe, ku ci gaba. Ku sayo tawada, ku bar faifan ajiya a shago. Ku buga jeri duk ƙarshen wata, ku ƙara masa hatimi na biyu. Kada ku buɗe ko fayil ɗaya, kada ku aika kwafi ko'ina, kada ku saurari yaran nan. In an zo daga nesa, ku nuna suna, ku ce a dawo. Sai dai ku tuna abin da kuka rubuta a ƙasanta da hannunku: kun ce kun karɓa, kuma yana wurinku. Wannan amana ce ta mutanen da ba su da wani ma'aji sai ku, kuma ranar da za a tambayi kowa amanar da ya ɗauka, ba jerin sunaye za a nema ba.